Jan Yatsa da Kwanon Abba

Ranar Lahadi, 24 ga Mayu, 2020, ranar Ƙaramar Sallah, a falo muka yi Idi. Masallatan Doha duk an rufe su saboda korona, sai Abba ya tura kujeru jikin bango, ya shimfiɗa darduma a gaban talabijin, ya zuba babbar riga da hula kamar mai shirin zuwa filin Idin Funtuwa. Da yake ni kaɗai ne namiji bayan shi, a damansa na tsaya, kafaɗata tana gogar hannun rigarsa. Yaya Saudat tana bayanmu, Umma kuma can bakin ƙofa da takunkumi a fuska, don a asibiti take aikin jinya, kuma a kwanakin nan ba ta yarda ta matso kusa da kowa. Shekarata goma sha biyu. Tun kabbarar farko nake ɓoye hannuna na dama, na yi ruku'u a dunƙule, na yi sujada a dunƙule, har muka zauna tahiya. Nan dabara ta ƙare, don a tahiya dole yatsan nuni ya fito. Na miƙe shi a hankali, ga shi ja jawur tun daga farce har gaɓa ta biyu, jan lallen da ya kwana ya kama. Na ji numfashin Abba ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ƙarasa, ya yi sallama.

Bayan sallah aka zauna cin abinci. A gidanmu, tun ina rarrafe ni da Abba kwano ɗaya muke ci. Sunan mahaifinsa aka sa mini, Idrisu, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Babana" yake ce mini, kuma in akwai nama shi ke turo mini tsoka gabana da yatsa. Ran nan Yaya Saudat ta ajiye mana masa da miyar taushe, na wanke hannu na matso, sai ya ja kwanon gabansa, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Saudatu, zuba wa ƙanwarki nata daban." Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ci masar nan ni kaɗai a faranti, da Umma ta tambaye ni ko ta yi daɗi na ce ba na jin ɗanɗanonta, sai ta zabura ta ɗauko abin gwada zafin jiki, don a lokacin rashin jin ɗanɗano ba abin wasa ba ne. Lafiyata ƙalau. Daga ranar aka raba mana kwano, kuma "Babana" ya koma "kai".

Yadda yatsan ya yi ja ba dogon labari ba ne. Jajibirin Sallah da la'asar na tarar da Yaya Saudat a kicin tana kuka da azumi a bakinta. 'Yar Sudan ɗin da ke yi musu ƙunshi a unguwar Aziziya ta rufe shago kamar kowa, sai Yaya ta kwaɓa garin lallen da aka aiko mana daga gida da lemon tsami da sukari da ruwan shayi, ta naɗe leda ta yi mata ɗan tsinin baki, ta zana hannunta na hagu ba laifi. To amma duk iyawar mace ba ta iya yi wa hannunta na dama. Ni kuwa littattafaina na makaranta babu wanda gefensa bai cika da furanni da ganyaye ba, malamin lissafi ya sha ja mini kunne a kan haka. Na ce ta kawo. Ta harare ni, ta miƙo don ba ta da wata mafita. Ina ɗora bakin ledar nan a tafinta na ji hannuna ya san hanya tun kafin ni. Na ja reshe daga wuyan hannu har ɗan yatsa, na yi masa ganye, na cike tsakani da ɗigo-ɗigo, ban ji yunwa ba, ban ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ba. Zan faɗa a fili, ban taɓa jin daɗin wani aiki a rayuwata kamar wannan ba. Ashe ledar ta ɓule a gefe tana zuba a yatsana ban sani ba. Na goge da lemo, na goge da sabulun wanki, na goge da soson ƙarfe har fata ta yi zafi, washegari ya ƙara ja.

Ba wannan ne karo na farko da Abba ya yi mini irin kallon nan ba. Tun ina ƙarami na fi son zaman kicin da hirar mata fiye da falo da labarin siyasa. Na san wace atamfa ce ke hawa da wane gyale. Wata rana, ba kowa a gida, na ɗaura ɗankwalin Umma a gaban madubi, na daɗe ina kallon wanda ke ciki, ban ji kunyarsa ba, kuma ban san sunan da zan kira shi ba. Ban ce ina so in zama mace ba. Ban dai ga kaina cikin irin namijin da ake nuna mini ba, shi ke nan. Shi ma Abba, da na girma na gane, yana da nasa ciwon. Da takardar aikin Umma muka shigo Qatar, ita ce kafil ɗinmu, wato da sunanta muke zaune a ƙasar, mu duka har da shi, shi kuma shugaban masu gadi ne a wani babban kanti. Da korona ta zo aka rufe kantin, sai ga shi zaune a gida da jallabiya yana leƙen tukunya, matarsa na fita aiki kullum. Mutumin da ke cikin wannan hali, ɗansa ɗaya tilo namiji ya fito masa da jan yatsa a sahun sallah. Da yammacin Sallar na ji su ta bayan ƙofa, yana cewa, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Umma ta ce, "Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Tanƙwarawar da ƙwallo ta fara. Ya sayo mini ita a kantin ƙasan benenmu na unguwar Muntaza, ya ce kullum bayan la'asar in hau rufin bene in yi ta bugawa, kada ya ƙara ganina a kicin. Rufin nan ba wurin wasa ba ne, tankokin ruwa ne da faifan talabijin da igiyoyin shanya, siminti na turiri har ta cikin takalmi. A can na haɗu da Mariyama, 'yar hawa na huɗu, sa'ata, 'yan Zangon Kumasi ne. Ita kuma mamarta ce ke koro ta kwashe shanya, sai ta ɗaure hijabi a ƙugu, ta tsaya tsakanin tankoki biyu ta ce in bugo. Gola ce ta gaske. Gwiwoyinta duk tabo, yaran bene suna kiranta mata-maza, ita ko a jikinta. Hausarsu ta Zango ba ta damu da raba "ka" da "ki" ba, kowa "kai" ne a bakinta, har mamarta. Muka ƙulla ciniki: ita ta koya mini tsayar da ƙwallo da miƙa ta, iyakar abin da zai fitar da ni kunya, ni kuma in kwashe mata shanya in ninke, don ninkinta kamar an yi dambe da kayan. Da aka sassauta kulle Abba ya riƙa kai ni wani fili a Nu'aija inda yaran Afirka ke haɗuwa ran Juma'a da yamma. A can wani ƙato ya ga yadda nake gudu, ya tambaye ni a gaban kowa wai ni namiji ne ko mace. Na dawo rufin bene ina huci na gaya wa Mariyama. Ta ce, "Cale, abokina, ni ma suna tambaya na. Ina ce musu ni gola ne, khalas, shi ke nan. Kai ma ka nemo naka."

Na nemo nawa, amma a ɓoye. Na yi wa kaina alkawari biyu, kuma a lokacin ban ga yadda za su zauna wuri ɗaya ba: ba zan bar lalle ba, kuma sai na koma kwanon Abba. Korona ce ta rufa mini asiri, don safar hannu ta roba ta cika gari, wanda ya sa ta ba mai tambayarsa dalili. Umma ba ta taɓa ce mini in yi ko in bari ba. Wata rana dai na ɗaga matashina na tarar da safar roba guda, an cika ta da shinkafa an ɗaure bakinta da zare, ta yi ɓul-ɓul kamar hannun jariri. A kanta na koyi aiki. Ina da wata tsohuwar jakar makaranta a bayan tanki na uku, ledoji da almakashi da garin lalle duk suna ciki, in na gama buga wa Mariyama ƙwallo ashirin sai in zauna a inuwar tankin in zana, ita tana gadin matakala. Na zana a bayan faranti, na zana a fale-falen ƙasa, na zana a ƙafar Mariyama inda safa ke rufewa, tana tsaki tana cewa abin yana mata sanyi. Sallah huɗu na yi wa Yaya Saudat ƙunshi a banɗaki da safa a hannuna, ƙawayenta suna tambayar lambar mai lallen, tana ce musu matar ba ta son a san ta.

Duk wannan lokaci Abba bai fasa komai na uba ba. Yana biya mini karatun Alƙur'ani bayan magariba, yana gyara mini kuskure, yana kai ni aski. Kwanon ne dai. Shekara biyu da rabi, kullum sau biyu, Yaya Saudat ta ajiye nasa ta ajiye nawa, taku ɗaya ne tsakaninmu a kan ledar cin abinci. Na zura ƙwallo guda a Nu'aija, bisa kuskure ma, ta bugi ƙafata ta shiga, na dawo ina jiran a haɗa kwano, bai haɗa ba. Ina jin ya san ban daina ba. Warin lalle ba ya ɓuya a gida mai ɗaki biyu.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta zo har ƙofar gida a ƙarshen 2022. Aka ba mu hutun makaranta, jirgin ƙasa ya cika da mutane masu ganguna, Muntaza ta koma kamar kasuwar ƙauye ran cinta. Najeriya ba ta zo ba, kuma Ghana ce ta hana ta zuwa, don haka a benenmu zolaya ta tashi ba dare ba rana. Ɗakin Baba Fuseini, mahaifin Mariyama, shi ne matattarar 'yan Zango, direbobi da masu gadi, biyu daga cikinsu ma a ƙarƙashin Abba suke aiki. Ran wasansu da Koriya, da hantsi, na hau kai wa mamarta kwanon da ta aiko mana da wake da shinkafa, na tarar da maza bakwai suna gardama. Fentin fuskar da suka saya a wasan farko gumi ya wanke shi tun kafin a je hutun rabin lokaci, baƙin tauraron tutarsu ya tsiyaye har wuya. Suna neman abin da zai tsaya. Mariyama ta dube ni, na girgiza mata kai, ta ɗauke ido ta ce da ƙarfi, "Baba, Idi ya iya zane. Yana da abu wanda ba shi gudu da zufa."

Ina iya musawa. Na tsaya da kwano a hannu, na tuna shekara biyu ina zane a bayan tanki kamar ɓarawo. Na ajiye kwanon, na hau rufin bene na ɗauko jakata. Na zaro safar roba, na dube ta, na mayar da ita. Da na dawo na kwaɓa baƙin lalle, na gaya musu gaskiya tsakani da Allah: "Baba, wannan fa ba ya fita da wanki. Sai ya kwana goma a fuska." Suka kwashe da dariya. Baba Fuseini ya ce, "Abin mata? Da suna sawa ran biki suna cirewa? Ni da na wanke baƙin mai da hannun nan! Yalla, maza zana." Maza bakwai, kowanne da uwa, mafi yawansu da mata da 'ya'ya, amma babu ko ɗaya da ya taɓa lura kwana nawa lalle ke yi a hannun matarsa. Na ce to, na kama haɓar Baba Fuseini na juya kuncinsa wajen taga.

Ina kan tsini na uku na tauraron Abba ya yi sallama. Ya zama mai goyon bayan Koriya na wuni ɗaya, ya hawo da fulas ɗin shayin madara da ake kira karak don ya tsokane su kafin ya wuce aiki. Ga ni tsaye da ledar lalle, yatsuna baƙi ƙirin, babu safa, babu tanki. Na ce a raina ko me za a yi sai na rufe tauraron nan. Na ja tsini na huɗu, na ja na biyar, na cike cikinsa sumul. Baba Fuseini, da na hana shi motsa baki, ya yi magana ta cikin haƙora, "Malam Sani, yaronka hannu gare shi." Abba ya ajiye fulas, ya tsaya har na gama na mutum na biyu, sannan ya fita. Na yi wa sauran biyar ɗin ina haɗiye kuka, don na ɗauka kwanon ya tafi ke nan har abada.

Ghana ta ci wasan, aka ce tauraron Idi ne ya kawo sa'a, har da masu ɗaga ni sama a matakala. Bayan kwana huɗu aka fitar da su daga gasar. Washegari da safe benenmu ya cika da ƙarar famfo. An gwada sabulu, an gwada man goge baki, wani har fetur ya shafa, tauraro na nan daram. Baba Fuseini ya riƙa zuwa masallaci da filasta a kunci kamar wanda ya faɗi a babur, 'yan Arewa suna tare shi suna yi masa jaje. A wurin aikin Abba kuwa dokar kanti ta hana mai gadi tsayawa a ƙofa da zane a fuska, dole ya sa yaransa biyu suka koma ɗaura takunkumi, a lokacin da duk gari an yar da shi. Ran nan ya dawo gida yana ba Umma labari, dariya ta ci ƙarfinsa har ya riƙe bango. Da ya lafa ya juyo wajena ya ce, "Kai, wai kwana nawa abin nan yake yi?" Wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini a kan abin da na sani shi bai sani ba. Na gyara zama na yi masa bayani dalla-dalla: baƙi daban, ja daban, tafin hannu ya fi riƙewa, fuska ta fi saurin saki, a daina gurzawa, a riƙa shafa mai. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "A gashi fa?" Na ce sai sabo ya tsiro. Ya ce uhm, ya shiga wanka.

Juma'ar da ta biyo baya, da hantsi, ya kira ni falo. Yana zaune a ƙasa da tawul a wuya, ga ƙullin jan lalle a gabansa. A shekarun koronar nan gemunsa ya yi fari fat, ban ma lura sosai ba sai ranar. Ya ce, yana kallon bango, "Mai sunanka da kansa yake kwaɓawa ya rina gemunsa duk wata. Sunna ce. Ni ban iya ba." Na lura da yadda ya nanata sunnar, wato ƙofar da zai iya shiga ke nan ba tare da ya sunkuya ba, ni kuma ban ja masa rai ba. Na kwaɓa da ruwan shayi, na miƙa hannu zan ɗauki safar roba, ya ce, "Bar ta." Da yatsuna na shafa masa, sili-sili, daga kunne zuwa haɓa, yana rufe da ido. Muka tafi masallaci, shi da jan gemu, ni da jajayen yatsu biyar, ban ɓoye ko ɗaya ba. Da muka dawo Yaya Saudat ta ajiye kwano biyu kamar kullum. Ya ɗauki nawa ya juye a nasa, ya ce, "Babana, wanke hannu." Na sa jan hannuna a tuwon, hawaye na ɗiga a gwiwata, ya yi kamar bai gani ba, ya turo mini tsoka.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba, bai kuma taɓa cewa furannina sun yi kyau ba. Mun dawo gida tuni, su suna Funtuwa, ni ina karatu a Zariya. Yaya Saudat ta buɗe wurin ƙunshi, ni ke yanka mata zanen salatif na liƙawa a hannu da reza in aika a mota, amare suna yabawa, wasu sun san mai yankan, wasu ba su sani ba. Masu magana ba su daina ba, a ɗakin kwanan ɗalibai ma an ba ni sunaye, kuma tambayar da na yi wa madubi da ɗankwalin Umma har yanzu ban gama amsa ta ba. Na dai daina jin tsoronta. Mariyama tana Kumasi tana tsare raga, takan turo mini saƙon murya tana zagin masu tsaron bayanta. Wani lokaci, in zafi ya yi zafi, nakan yi kewar rufin benen nan, inuwar tanki na uku da warin lalle da ƙarar ƙwallo a siminti, lokacin da mu biyu kaɗai muka san junanmu. Abba kuwa akwai wanzami a bakin layinsu, akwai Yaya Saudat a cikin gida, amma ba ya bari kowa ya taɓa masa gemu. In Umma ta turo hoto na ga ya yi fari, na san kirana yake yi.